Ruwan Mangwaro

Ni dai ban nemi ajiyar kowa ba. Ina zaune a bakin tirena a kasuwar Yelwa, nan Garwa, ina korar ƙuda daga kan ƙullin kuka, sai ga Émilienne da tulu a ka, an liƙe bakinsa da laka. Ta durƙusa ta sauke shi a gabana a hankali.

"Adda Khaula, ajiya na kawo miki."

Na ce, "Kin ga na yi kama da banki?"

Émilienne mutuniyar duwatsun Mora ce, Kirista. Tun shekarar da maharan nan suka ƙone ƙauyensu ta gudo Garwa da mijinta Édouard, suka kafa bukka a bayan unguwarmu, gefen kwata. 'Ya'yansu uku, autan shi ne Parfait. Wani Bafillace ya ara musu gona a hanyar Pitoa, nan suke noma. Hausarta ta kasuwa ce, da tsarmin Fillanci da Faransanci, amma tana isar da saƙo. A wannan shekarar kogin Binuwai ya cika ya haɗiye gonar, dawa tana gab da nuna. Ta shiga ruwa har ƙirji ta yanko abin da hannunta ya kai.

Ta dafa tulun ta ce, "Iri ne. Jigari, jar dawar dutsenmu. Uwar mijina ce ta ɗauro shi a bakin zane ranar da muka gudu. Kowace shekara muna shuka shi mu cire wani. Wannan ne ya rage, na cakuɗa shi da toka saboda ƙwari."

"To ki kai ɗakinki mana."

"A wajenmu, in shekara ta ɓaci, ba a barin iri a gida. Ana kai wa wanda ba ya jin kukan 'ya'yanka. Ki riƙe mini. Ko na zo ina kuka, ko na zage ki, ko na ce ɗana zai mutu, kada ki ba ni sai ruwa ya sauka."

Na tambaye ta me ya sa duk matan cocinsu ba ta ga kowa ba sai ni. Ko kunya ba ta ji ba, ta ce ai tun da take sayayya a wajena ban taɓa yi mata gyara ba, ko ta ƙwayar barkono ɗaya. Wai ta duba kasuwar kaf ba ta ga mai taurin zuciyata ba.

Matan da ke kusa suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, ko da yake maganar ta sosa ni. Na ce, "Na ɗauki amana. Allah ne shaida." Da yamma na kai tulun gida, na tura shi ƙarƙashin gadona.

Kada wani ya ɗauka gidan wadata ta kawo ajiyarta. Gidanmu dai babba ne, ƙaton zaure, katanga mai kauri, don mijina Mahfuzu jikan wani Alhaji ne da ya zo daga Kano da fataucin tufafi, kuma ya yi suna a garin nan. Uban Mahfuzu ya riƙe shago a babbar kasuwa. Shi Mahfuzu shagon ya mutu a hannunsa, ba don lalaci ba, don mutane sun daina ɗinka sabo sai gwanjo. Yanzu rabin gidan an sayar an ja katanga a tsakiya, muna jin ƙamshin miyar baƙi ta samanta. Abin da ya rage masa na gado shi ne babbar riga ɗaya ta Juma'a da rediyo. Tirena ne yake ciyar da mu, ni da shi da ɗanmu Isa da tsohuwar Mahfuzu da ba ta gani.

Wata safiya yana zaune a zaure da rediyon a kunne, ya ƙwala mini kira. Ya yi lakwal, wato boko, yana jin Faransanci, kuma yana son a san yana ji.

"Khaula, zo ki ji. Sun ce talauci ya ragu a ƙasar nan."

"Wace ƙasa?"

"Kamaru mana. Wai shekara ashirin da suka wuce, cikin mutum ɗari arba'in ne matalauta. Yanzu talatin da bakwai ne da 'yan kai."

Na ce, "To, Malam, waɗannan biyu zuwa ukun da suka fita, 'yan wace unguwa ne? Ina so in je in yi musu barka."

Ya ce in daina shashanci, lissafin ƙasa baki ɗaya ne. A Duwala da Yawunde abin ya sauka sosai, mu nan arewa kuwa hawa ya yi, har an ce cikin mutum uku biyu suna ciki. In aka haɗa aka raba, sai a ga ya ragu.

"Wato an zuba tuwonsu da yunwarmu a kwano ɗaya, aka ce kowa ya ƙoshi kaɗan."

Ya yi tsaki ya mayar da rediyonsa kunne. Ni ba na buƙatar wani mai ƙaton murya ya gaya mini inda aka kwana. Lokacin da aka kawo ni gidan nan amarya, mata da kwalba suke sayen man gyaɗa a wajen surukata. Da na karɓi sana'ar, an koma 'yar kwalbar magani. Yanzu da cokali nake aunawa, kuma akwai wadda za ta tsaya ta ce in karkata cokalin ta ga ko ya cika. Dunƙulen magi da reza nake raba shi. Ranar da na fara raba shi biyu na ji kunya. Yau huɗu nake yi, ko a jikina.

Sanyi bai gama fita ba Édouard ya tafi Kuseri, can bakin iyaka, wai ana samun dako a bakin gada da wajen masu kwalekwale. Ya aiko saƙo sau ɗaya, daga nan shiru. Émilienne ta shiga wankau da surfe a gidajen mutane. To amma wa zai ba ka surfe alhali shi ma awon yini yake yi? Ta koma sarar itace a bayan gari, masu tsaron daji suka ƙwace gatarin.

Zuwanta na farko da dabara ta zo. Ta same ni a tsakar gida ina tankaɗe, ta zauna, ta yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi Tsohuwa, ta tambayi Isa da karatu. Can ta ce, "Adda, tulun nan ya yi yawa ga gonar. Na yi lissafi, rabi ma ya isa. Ki buɗe ki ɗebar mini kwano ɗaya."

Na ce, "An yi ruwa?"

"Kwano ɗaya kawai."

"Maman Parfait, na ce an yi ruwa?"

Ta dubi sama. Fes take, ko ɗigon gajimare babu. Ta yi 'yar dariya ta ce lallai ba ta yi zaɓen tumun dare ba. Na ɗebi garin masara daga wanda nake tankaɗewa na ƙulla mata, ta ce usoko, godiyar Fillanci, ta tafi. A daren ranar tuwonmu bai kai ko'ina ba, Tsohuwa ta yi ta laluben kwano tana tambaya ko an rage.

Daga nan abin ya zama kullum. In na samu, in ɗan yafa wa Émilienne. In ban samu ba, in sunkuyar da kai in ta wuce ta gaban tirena. Ciniki ya tsaya cik, dawa ta yi tsadar da ban taɓa gani ba, zafin Garwa kuma ya sauko da dukan ƙarfinsa, irin wanda ko ƙadangare ba ya fitowa da rana. Ana cikin haka azumi ya kama.

Wani yammaci na dawo daga kasuwa na tarar da Mahfuzu a ɗakina, ya jawo tulun tsakar ɗaki yana ƙwanƙwasa cikinsa da yatsa.

"Malam, lafiya?"

"Aro za mu yi. In kaka ta yi sai mu mayar mata da ninki."

"Da wace gonar za ka mayar? Kuma dawar kasuwa ce ta ce maka tana so? Wannan irin dutsensu ne, babu shi a Garwa."

Ya ce uwarsa tana buɗa baki da ruwan kunu wanda ake ganin gindin kofi ta cikinsa, ni kuma ina kwana a kan abinci saboda wata baƙuwa. Ya ce wace irin mace ce ni. Na ce irin wadda ya aura. Na ce in ya fasa lakar nan, to ya shirya zuwa masallaci ya gaya wa liman jikan Alhaji ya ci amanar 'yar gudun hijira a cikin watan azumi, in kuwa bai faɗa ba ni zan tsaya a ƙofar zaure in faɗa. Sannan ya tura tulun da ƙafa ya fita. Washegari ya ɗauki babbar rigar ya nufi kasuwa, ya dawo da awon gero. Bai yi mini magana ba har Juma'a ta zagayo, ranar kuma a gida ya yi sallarsa. Na ji tausayinsa ƙwarai, amma ban nuna ba.

Zuwan Émilienne na biyu babu gaisuwa. Da tsakar rana ta faɗo gidan, goye da autanta Parfait, manyan biyu suna biye da ita. Ta kwance goyon ta ajiye mini shi a kan tabarma.

Yaron da na sani yana bin awaki da gudu, ga shi zaune inda aka ajiye shi. Gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunsa sun kumbura. Ko kuka ba ya yi. Ta danna yatsa a bayan ƙafarsa, ta ɗauke, ramin ya zauna.

"Kin gani?"

Na ce, "Ki kai shi asibiti."

"Na kai. Sun ba ni abin gyaɗar nan na leda, wai shi kaɗai zai sha. Yaya zan yi in ba ɗaya, biyu suna tsaye suna kallon bakinsa? Na raba musu. Na koma, an ce ya ƙare, sai wani watan." Ta share gumi da gefen zane. "Ku kuna azumi, Adda. 'Ya'yana ma azumi suke yi, sai dai su ba su da magariba."

Na shiga madafa na kawo ɗan kunun da na dama don buɗa-bakin Tsohuwa, na miƙa wa yaran. Manyan suka shanye a tsaye. Parfait ya kurɓa sau ɗaya ya kau da kai.

"Ba ni kayana."

"Ba a yi ruwa ba."

"Nawa ne. Ni na kawo. Na janye maganar."

"Ke kika ce ko kin ce ɗanki zai mutu."

"To ga shi zai mutu."

Na ce mata ta yi tunani. Tulun nan in an surfa an niƙa, kwana nawa zai kai su? Mako biyu, in ta yi tattali. Bayan nan fa? Damina ta zo, kowa ya fita gona, ita ta tsaya da hannu biyu. Bafillacen ya karɓe gonarsa ya ba wani, don ba a aron gona a bar ta ciyawa. Daga nan ita da 'ya'yanta sun zama mabarata har abada. Duk wannan ita ta koya mini shi da bakinta, ni me na sani game da noma?

Ta ce, "Wanda zai ci tuwon kaka sai ya kai kaka."

Sannan ta zage ni. Ta ce ɓarauniya ce ni, na cinye irin tuntuni shi ya sa nake ɓoye-ɓoye. Ta ce dama an gaya mata Bahaushe ba ya riƙe abin wani ya mayar. Ta yi wasu da yarensu waɗanda ban ji ba, amma na gane daga fuskarta. Ta nufi ƙofar ɗakina, na riga ta, na tsaya na ware hannuwa. Muka yi cirko-cirko. Ba ta da ƙarfin ture ni, ni ma in ta turo ban san ko ina da ƙarfin tsayawa ba. Maƙwabtan bayan katanga suka yi tsit suna saurare.

Na ce, "Ɗauki ɗanki ki fita mini daga gida."

Ta goya shi ta fita, ba ta waiwaya ba. Na zauna a bakin ƙofar na yi kuka mai isata. Tsohuwa ta laluba ta zo ta zauna kusa da ni, ta ce, "Khaula, amana nauyi gare ta, amma rai ya fi ta." Na ce, "Inna, in na ba ta yau na kashe su gobe. In na hana ta yau, wataƙila na kashe ɗaya. Wanne zan ɗauka?"

Na tsani tulun nan. Ina kwance ina jin sa a ƙarƙashina. Na tsani Édouard da Kuserinsa, na tsani kogin, na tsani mutumin rediyo. Na fi tsanar ranar da na yi dariya a kasuwa na ce na ɗauki amana, don a ce Khaula mai taurin zuciya ce. Kowace asuba in na idar da salla sai in leƙa sama, ni da ban taɓa damuwa da hadari ba sai don kada ya jiƙa mini kaya. Manoma suka ce da saura, shuka sai nan da wata biyu in Allah ya kawo da wuri. Ina aika Isa wajen Émilienne da abin da ya samu, wata rana ƙanzo, wata rana ƙullin gari. Tana karɓa, ba ta aiko da godiya. Isa ya ce mini Parfait yanzu a kwance yake yini.

Ana saura kwanaki salla, da la'asar, iska ta juya. Wani baƙin hadari ya taso daga kudu, ledoji suka tashi sama, mata suka shiga kwashe kaya. Kafin in kai gida ya sako. Manyan ɗigo, masu ɗumi, ƙasa ta ɗauki ƙamshi. Yara suka fito tsirara suna tsalle a lungu.

Kowa a Garwa ya san wannan ruwan. Ruwan mangwaro ake ce masa. Yakan zo sau ɗaya a tsakiyar bazara, ya wanke 'ya'yan mangwaro a kan bishiya, ya tafi abinsa. Ba ya shiga ƙasa ko tsawon yatsa. Ko 'yar birni irina ta san ba a shuka da shi, duk ƙwayar da aka binne za ta tsiro ta ƙone cikin mako. Bayansa zafi ma ƙaruwa yake yi.

Ina tsaye a rumfa ina matse gyalena, sai na ji sallama. Émilienne ce, ita kaɗai, a jiƙe sharkaf, zane ya manne mata a jiki har ana ƙirga haƙarƙarinta. Ba ta shigo rumfar ba. Ta tsaya a tsakar gida ruwan yana dukanta.

"Adda Khaula, ruwa ya sauka."

Mahfuzu yana bakin zaure. Ya buɗe baki zai yi magana, na dube shi, ya rufe.

Na ce, "Yaya Parfait?"

"Yana numfashi."

Na dubi sama. Ta gabas har ta fara washewa. Na dubi ƙasa, inda kaza ta tona, busasshiyar ƙura ce a ƙarƙashin laimar. Ita ma wajen take kallo. Manomiya ce tun tana yarinya, ta fi ni sanin abin da muke kallo nesa ba kusa ba.

"Me kika ce mini ranar nan a kasuwa?" na tambaye ta.

"Na ce kada ki ba ni sai ruwa ya sauka."

"Ba ki ce wane ruwa ba."

"Ban ce ba."

Na shiga ɗaki na durƙusa na jawo tulun. Ya fi yadda na san shi nauyi, ko kuma ni ce na rage. Na fito da shi na ajiye a gabanta, na nuna mata lakar bakin, yadda ta liƙe ta haka take, har da shatar yatsunta.

"Duba da kyau. Ban taɓa ba."

"Na gani. Ki yafe mini abin da na faɗa."

"Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Na kama mata muka ɗora shi a kanta. Ruwan ya koma yayyafi.

Na ce, "Sai ki yi sammako gobe, tun ƙasa da danshi."

"Da sassafe zan tafi," in ji ta. "Gonar tana jira."

"Allah ya ba da damina mai albarka."

"Amin, Adda."

Ta juya a hankali saboda kayan, ta bi ta gaban Mahfuzu, ya matsa mata hanya. Har ta sa ƙafa a zaure sai ta tsaya. Ba ta juyo duka ba, tulun ba zai bari ba. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, yadda shi ba zai ji ba.

"Adda, ko kina da ɗan gishiri?"

Na koma ɗaki na ƙullo mata.